Ta yaya ƙashi ke nuna cewa dabbar da ta shuɗe mahayiyar bishiya ce?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise a Marwa, ɓangaren kimiyya. Na ga zanen wata dabba mai kama da ƙadangare tana maƙale a reshe, an rubuta wai ta rayu shekara miliyan 260 da suka wuce, kuma tana cikin dabbobin farko da suka hau bishiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙashi kawai aka tono, babu wanda ya gan ta da rai. To ta yaya aka san tana hawa? Ko masu zane ne suka ƙirƙira? Kuma dabbobin farko da suka fito tudu daga ruwa, su ma suna hawa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi miki albarka, 'yata, Ya ƙara basira. Tambayarki kashi biyu ce: wace shaida ce a jikin ƙashi ke nuna mai shi yana hawa, sannan ko dabbobin farko masu ƙashin baya da suka taka tudu suna ɗauke da wannan shaida. Daga shekarun da kika ambata, dabbar da kika gani ita ce ake kira Suminia, kuma zan zo kanta. Ba mai zane ne ya ƙirƙira ba. Awo ake yi, a gwada da dabbobin da ke raye yau. Sai dai babu ƙashi guda da ke yanke hukunci shi kaɗai. Sai shaidu daga sassan jiki daban-daban sun haɗu sun faɗi magana ɗaya kafin a yarda, kuma ko sun haɗu, abin da suke faɗa shi ne aikin da jikin ya fi dacewa da shi, ba duk abin da dabbar ta taɓa yi a rayuwarta ba.

Ni ilimin halittu nake koyarwa a Garwa, kuma aikin da na daɗe ina yi da hannuna shi ne haɗa kwarangwal ɗin ƙananan dabbobin da muke tsinta a mace, don ɗalibai su gani da idonsu. Ƙasusuwan Suminia suna Rasha, ban taɓa riƙe su ba. Abin da zan faɗa a kan dabbobin da suka shuɗe daga rubutun waɗanda suka auna su ne. Abin da zan faɗa a kan ƙadangare da guza da hawainiya kuwa daga kan teburina ne.

Hanyoyi uku na hana faɗuwa

Duk dabbar da ta bar ƙasa ta kama jikin bishiya matsala ɗaya take fama da ita, nauyinta yana janta ƙasa, kuma yana neman ɓamɓare ta daga jikin icen ta baya. Hanyoyin da dabbobi masu ƙafa huɗu ke bi su tsira uku ne, kuma duka ukun muna da su a cikin gida. Akwai masu kafa ƙumba a ɓawo, irin ƙadangare da guza. Akwai masu damƙe reshe tsakanin yatsu, irin hawainiya da biri. Akwai masu mannewa, irin tsaka da ke tafiya a rufin ɗaki tana kallon ƙasa.

Biyun farko suna barin alama a ƙashi sosai. Ta ukun ce mai wuya, domin abin da tsaka ke mannewa da shi ƙananan gasu ne a ƙarƙashin yatsa waɗanda ido ba ya gani, kuma suna ruɓewa tare da fata. An san tsaka ta daɗe da wannan baiwa ne saboda wata sa'a: a ƙasar Bama an samu ƙafar wata tsaka cikin ƙaron bishiya da ya daskare ya zama dutse, shekarunta kusan miliyan 100, tafin yatsun yana nan da layukansa. An bayyana ta a 2008 da sunan Cretaceogekko. Ba don ƙaron ba, da shaidar ta tafi.

Yatsu da ƙumba

A nan ne mafi yawan aikin yake, don haka bari in daɗe.

Ki buɗe tafin hannunki. Akwai dogayen ƙasusuwa a cikin tafin, sannan gaɓoɓin yatsu a gabansu. Abu na farko da ake aunawa shi ne tsawon gaɓoɓin yatsa idan an haɗa su, a raba da tsawon ƙashin tafin da ke bayansu. Dabbar da ke gudu a ƙasa tafinta dogo ne, yatsunta gajeru, domin dogon yatsa a guje nauyi ne kawai da haɗarin karaya. Dabbar da ke riƙe reshe kuwa tafin gajere ne, yatsun dogaye, don su zagaye icen. An auna wannan a ɗaruruwan dabbobi masu rai, masu shayarwa da ƙadangaru da tsuntsaye, aka ga masu hawa suna taruwa a gefe guda, masu gudu a wani gefen. Idan aka tono sabuwar dabba, sai a auna ta a ga cikin wane taro ta faɗa.

Abu na biyu ya fi wannan daɗin gani, kuma shi nake fara nuna wa ɗalibai. Ki bi yatsa daga gindi zuwa baki. A ƙafar mai tafiya a ƙasa, kowace gaɓa ta fi wadda ke biye da ita tsawo, suna raguwa har zuwa ƙumba. Ki duba ƙafar kaza ko ta zabo za ki gani. A ƙafar mai maƙalewa da ƙumba abin yana juyewa, gaɓar da ke dab da ƙumba ita ce ke yin tsawo, wani lokaci ta fi ta gindin. Amfaninta shi ne tana miƙa ƙumbar nesa, ta ba ta damar sauka a kan ɓawo a tsaye ta nutse, maimakon ta goge shi ta zame. Wannan tsari ya bayyana a tsuntsaye masu kama jikin ice, da jemagu, da ƙadangarun bishiya, dabbobin da ba su haɗa dangi na kusa ba. Idan sura ɗaya ta yi ta maimaituwa a zuriyoyi daban-daban masu sana'a ɗaya, to sana'ar ce ta kawo ta, shi ya sa ake amincewa da ita.

Sai ƙumbar kanta. Ƙumbar mai hawa lanƙwasasshiya ce, siririya idan an kalle ta daga sama, mai kauri a gindi idan an kalle ta daga gefe, bakinta da tsini. A ƙarƙashin gindin akwai wani ɗan tudu inda jijiyar da ke lanƙwasa yatsa take kamawa, kuma girman tudun yana nuna ƙarfin jan. Ƙumbar mai tono faffaɗa ce, ba ta lanƙwasa sosai ba, bakinta a dakushe. Ta farko ƙugiya ce, ta biyu fartanya. Idan na ajiye ƙafar guza kusa da ta kunkuru, ko yaron da bai taɓa shiga aji ba zai faɗa miki wanne ne ke iya kama jikin maɗaci.

Amma akwai tarko biyu a nan. Na farko, abin da ke taɓa ɓawon bishiya ba ƙashi ba ne, kuben da ke rufe ƙashin ne, wanda aka yi da abin da aka yi farcenki da shi. Kuben ya fi ƙashin tsawo da lanƙwasa, kuma da wuya ya tsira a cikin dutse. Ina ganin wannan duk lokacin da na wanke ƙafar guza: idan kuben ya zame ya fita, ƙashin da ya rage gajere ne, ba shi da ban tsoro kamar yadda ƙumbar take a raye. Ke nan mai tono dutse rabin labari yake samu. Na biyu, shaho da shirwa su ma ƙumbarsu a lanƙwashe take, amma don cafke nama. A 1993 Alan Feduccia ya auna lanƙwasar ƙumbar tsuntsaye masu yawa ya gwada da ta Archaeopteryx, tsohon tsuntsun nan na Jamus, ya ce na bishiya ne. Waɗanda suka sake awon daga baya sun tarar cewa rukunonin suna shiga juna ƙwarai, har girman jiki ma yana canza lissafin. Ni a ganina ƙumba shaida ce mai kyau idan tana da abokan shaida, amma ita kaɗai ba ta isa a kafa magana a kanta ba.

Masu damƙa kuma tsarinsu daban. Hawainiya yatsunta biyar sun rabu gida biyu suna fuskantar juna: a hannu uku a ciki, biyu a waje, a ƙafa kuma biyu a ciki, uku a waje. Ana gane wannan a ƙashi daga yadda fuskar gaɓar ta karkata, ko da nama ya tafi.

Sauran jiki

Ba zan daɗe a nan ba. Ana duba kafaɗa da ƙugu, ko mahaɗarsu a sake take ta yadda hannu zai miƙa sama da gefe. Ana duba wuyan hannu da idon sawu, ko suna juyawa. Ana duba kaurin ƙasusuwan ƙafa, domin mai hawa ƙashinsa siriri ne, mai tono kuwa gajere ne mai kauri, da dogon tsini a gwiwar hannu inda tsokar tura ƙasa take kamawa. Ana duba wutsiya, ko doguwa ce ta daidaita jiki, ko gaɓoɓinta suna nuna tana naɗewa ta ƙasa ta riƙe reshe. Yanzu har hoton cikin ƙoƙon kai ake ɗauka da na'ura a ga bututun cikin kunne da ke kula da daidaiton jiki.

Girman jiki kuwa yana da lissafin da kin riga kin sani daga aji. Idan dabba ta ninka tsawonta sau biyu, ƙarfin tsokarta da ƙashinta yana ninkuwa sau huɗu, nauyinta kuma sau takwas. Don haka hawa yana da araha ga ƙarami, yana da tsada ga babba. Babban ƙadangaren nan na tsibirin Komodo a Indunusiya, 'ya'yansa a kan bishiya suke zama don kada manya su cinye su, in sun girma sai su sauko, ba sa komawa. Ƙashi iri ɗaya ne, nauyi ne ya canza.

Suminia da waɗanda suka riga ta

An tono Suminia getmanovi a kusa da garin Kotelnich, a gaɓar kogin Vyatka a Rasha. Tsawonta kamar rabin mita ne har da wutsiya. Ko da yake zane yana sa ta yi kama da ƙadangare, ta fi kusa da dangin da dabbobi masu shayarwa suka fito daga cikinsa. An daɗe da sanin ƙoƙon kanta da haƙoranta, waɗanda suka nuna ganye take tauna. Sai aka samu wani falalen dutse guda ɗauke da kwarangwal fiye da goma, da yawansu a haɗe yadda suke a raye. A 2009 Jörg Fröbisch da Robert Reisz suka auna su. Hannu daga wuyansa zuwa bakin yatsa ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na tsawon ƙafar gaba duka, abin da ya wuce kima ga dabbar ƙasa. Gaɓar da ke dab da ƙumba doguwa ce. Yatsan farko ya ware gefe a hannu da ƙafa, yana iya fuskantar sauran. Wutsiya doguwa ce, kuma sun ce mai yiwuwa tana riƙo. Ga jiki ƙarami, ga abinci ganye, a ƙasar da manyan masu cin ganye da masu cin nama suka cika doron ta. Kin ga shaidu sun taru daga yatsu da wutsiya da girma da abinci, kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa. Na gamsu da hujjar Suminia.

Rubutun da kika gani ya yi daidai da ya ce tana cikin na farko, domin bayan 2009 an samu waɗanda suka girme ta. A garin Chemnitz na Jamus akwai wani daji da dutse mai aman wuta ya binne da toka shekara miliyan 291 da suka wuce, bishiyoyin suna tsaye inda suka tsiro. A cikin tokar aka samu ƙananan dabbobi biyar iri ɗaya, tsawon kowace kamar santimita 40, da dogayen yatsu sirara da ƙumba mai lanƙwasa sosai, har da sawun fata. A 2018 aka raɗa musu Ascendonanus nestleri. Su masu kafa ƙumba ne, ba masu damƙa ba. A 2022 kuma aka bayyana Eoscansor cobrensis daga jihar New Mexico a Amurka, mai shekara kusan miliyan 305, tsawonta bai kai santimita 25 ba. Wannan kwarangwal ɗaya ne kuma bai cika ba, don haka ina riƙe hujjarta da sassauci fiye da ta sauran biyun.

Akwai kuma shaidar da ke zuwa ta bayan gida. Coelurosauravus, wani ɗan ƙaramin mai jan ciki da aka samu a Madagaska, yana da dogayen sandunan ƙashi a gefen jiki da ke shimfiɗa fata ya yi shawagi. Wanda ke shawagi daga sama zuwa ƙasa dole ya fara hawa kafin ya diro.

Dangin da na fi so

Idan da za a ba ni damar ganin dabba ɗaya da ta shuɗe tana motsi, daga dangin Drepanosaurus zan zaɓa. Sun rayu shekara miliyan 200 da 'yan kai da suka wuce, an fara bayyana su daga duwatsun arewacin Italiya a wajajen 1980. Ɗayansu, Megalancosaurus, bai fi tsawon tafin hannu da ɗan dantse ba. Yatsun hannunsa uku suna fuskantar biyu. Allon kafaɗarsa dogo ne siriri a tsaye. Jikinsa a matse yake ta gefe. Duk wannan hawainiya ce sak, alhali ba danginta ba ne, kuma ya riga ta zuwa duniya da nisa. Sannan a ƙarshen wutsiyarsa akwai wata gaɓa da ta zama ƙugiya, wadda hawainiya ma ba ta da ita. Ikon Allah ke nan. Masanin Italiya Silvio Renesto ya yi shekaru yana nuna cewa waɗannan dabbobi na reshe ne, a lokacin da wasu ke ganin na ruwa ne saboda faɗin wutsiyarsu.

Drepanosaurus shi kansa ya ƙara da wani abin mamaki. Yatsansa na biyu yana ɗauke da ƙumba ƙatuwa, wadda ta fi kowane ƙashi na hannun girma. Kwarangwal ɗinsa da aka samu a Italiya a matse yake cikin dutse, sai a 2016 Adam Pritchard da abokan aikinsa suka bayyana wasu ƙasusuwan hannu daga Ghost Ranch a New Mexico waɗanda ba su baje ba. Ɗaya daga ƙasusuwan dantse biyu ya zama faffaɗa mai siffar jinjirin wata, wasu ƙasusuwan wuyan hannu biyu kuma sun yi tsawo sun karɓi aikinsa. Hannun ba ya juyawa sosai, amma yana da ƙarfin kafa ƙumba ya fizgo baya. Sun fassara shi da cewa dabba ce da ke kan bishiya tana yage ɓawo ko gidan ƙwari ta ci. Wato wutsiya da ƙafafu suna cewa hawa, hannu yana cewa tono, kuma duka biyun gaskiya ne. Daga baya, a 2020, aka bayyana wani ɗan dangin, Skybalonyx, daga jihar Arizona, ƙumbarsa ta fi faɗi a kan tsayi, irin ta mai haƙa rami a ƙasa. Don haka ko sunan dangi bai isa a ce duk 'ya'yansa mahaya ne ba.

Inda ƙashi ke yaudara

Kama da wane ba ta wane. Akwai wata ƙaramar dinoso mai cin ganye, Hypsilophodon, daga tsibirin Wight a Ingila. A 1912 Othenio Abel ya ce yatsan farko na ƙafarta yana fuskantar sauran, ke nan tana damƙe reshe. Aka yi shekara fiye da hamsin ana zana ta a kan bishiya a littattafai. A farkon shekarun 1970 Peter Galton ya sake duba ƙasusuwan ya ga an jera yatsan ba daidai ba ne, yana kallon gaba kamar sauran. Ƙwaurinta ya fi cinyarta tsawo, wutsiyarta a sandare take da jijiyoyin da suka zama ƙashi. Mai gudu ce a fili. Babbar shaidar da aka dogara da ita a karkace take.

Wurin da aka tsinci ƙashi ma yana ruɗarwa. Hylonomus, ɗaya daga tsofaffin dabbobi masu jan ciki da aka sani, mai shekara fiye da miliyan 310, a cikin kututturen bishiyoyi aka same shi a Joggins, gaɓar tekun Kanada, tun tsakiyar ƙarni na 19. Amma kututturen ruɓaɓɓu ne masu rami, laka ta binne su har baki. Ko dabbar ta faɗa ciki, ko ta mai da ramin maɓoya. Babu buƙatar hawa.

Sai yaudara ta ɗaya gefen, wadda ta fi damuna a matsayina na mai kallon dabbobi masu rai. Akwai masu hawa da ƙashinsu ba ya faɗa. A 2014 Vladimir Dinets da abokansa suka tattara bayanin kadoji da ke hawa bishiya su sha hantsi, a Afirka da Ostireliya da Amurka. Babu wanda zai kalli kwarangwal ɗin kada ya yi tsammanin haka. Awakin Maroko suna hawa bishiyar argan da kofato. Remar da ke kan duwatsun Mandara tana bin tsayayyen dutse da tafin ƙafa mai laushi da damshi, wanda ba zai bar komai a cikin dutse ba. Ƙadangaren gidanmu ma, da ke wuni tsakanin katanga da darbejiya da ƙasa, kwarangwal ɗinsa na tsaka-tsaki ne, bai karkata ko'ina sosai ba. Kurege kuma a rami yake kwana, amma jikinsa yana ɗauke da siffofin danginsa na bishiya, gado ne ba sana'a ba. Abin da na fahimta daga wannan shi ne hawa yana rubuta kansa a ƙashi ne idan ya zama hanyar cin abinci da tsira na zuriya bayan zuriya. Mai hawa jefi-jefi ba ya barin sawu. Don haka duk dabbar da aka ce ita ce ta farko, ma'anarsa ita ce mafi tsufa da aka tono wadda jikinta ya ƙware, kuma kusan tabbas wasu ƙanana sun riga ta taka reshe.

Waɗanda suka fara fitowa daga ruwa

Amsar kashi na biyu ta fi sauƙi: babu alamar hawa a jikinsu. Acanthostega da Ichthyostega, da aka tono a Girinlan, sun rayu kimanin shekara miliyan 365 da suka wuce. Acanthostega yatsu takwas gare ta a hannu, a baje, babu ƙumba, wuyan hannun ba shi da ƙarfin ɗaukar jiki, tana da gurbin numfashin ruwa irin na kifi, wutsiyarta ma ta kifi ce. Ichthyostega ta fi ta ƙarfi, yatsu bakwai a ƙafar baya. A 2012 Stephanie Pierce da Jennifer Clack da John Hutchinson suka sake gina gaɓoɓinta a kwamfuta suka gwada iyakar motsinsu, suka tarar kafaɗa da ƙugu ba sa murɗawa yadda tafiyar ƙafa huɗu ke bukata. Jan jiki take yi da hannu biyu lokaci guda a kan taɓo. Dabbar da ba ta gama ɗaga cikinta daga laka ba, maganar reshe ba ta taso ba.

Bishiyoyi kuwa suna nan tun kafin su, domin an san dazuzzuka masu shekara miliyan 385. Tsakanin waɗannan dazuzzuka da Eoscansor akwai shekara miliyan 80. A wannan tazara ne abubuwan da hawa ke bukata suka taru: wuyan hannu mai ƙarfi, yatsu biyar masu lanƙwasa, fata da ƙwai da ba sa bukatar ruwa, da ƙumba, wadda ta zama ruwan dare a dangin masu yin ƙwai a tudu. Ƙwari kuma sun riga kowa hawa, sun zama abincin da ke jiran duk wanda ya iya kaiwa gare su.

A ƙasarmu fa?

Duwatsunmu na Kamaru suna da dabbobin da suka shuɗe, amma ba irin waɗannan ba tukuna. A kwarin Kum, cikin Mayo Rey, akwai sawun dinoso a kan dutse, da haƙora da gutsattsarin ƙashi masu shekara fiye da miliyan 100. A yankin Baburi da Figil an samu wani ɗan ƙaramin kada da aka bayyana a 1990 da sunan Brillanceausuchus. A Nijar, kusa da Arlit, akwai Bunostegos, mai girman saniya da kaurin ƙashi, wanda ya rayu kusa da zamanin Suminia, kuma kallo ɗaya ya isa a san bai taɓa barin ƙasa ba. Dalilin ƙarancin mahaya a ko'ina a duniya shi ne ƙanana ne, ƙashinsu siriri, kuma ƙasar daji tana cinye ƙashi da wuri. Sai wanda ya faɗa tafki mai laushin laka, ko toka ta rufe shi, ko ƙaro ya kama shi.

Wannan hanyar awo ita ce dai aka bi da Tumai na Cadi, wata tsohuwar halitta da ake dangantawa da zuriyar ɗan Adam, wanda Ahounta Djimdoumalbaye ya tsinci ƙoƙon kansa a hamadar Jurab a 2001, mai shekara kusan miliyan 7. A 2022 aka bayyana ƙashin cinya da ƙasusuwan dantse biyu daga wurin, aka ce cinyar tana nuna tafiya da ƙafa biyu, dantsen yana nuna hawan bishiya. Wasu masana ba su yarda da fassarar cinyar ba, kuma ana kan muhawarar.

Idan kina son ki gwada da kanki, ba sai kin kashe komai ba. Ki ajiye ƙafar kaza da ta tattabara bayan an yanka, in kin tsinci mataccen ƙadangare ko hawainiya ki haɗa da su. Ki binne kowace ƙafa a gwangwaninta daban cikin yashi mai ɗan damshi har naman ya tafi, ki wanke a hankali, ki jera gaɓoɓin kowane yatsa a kan takarda daga gindi zuwa ƙumba, ki auna su da ma'aunin da makanikai ke auna kaurin ƙusa. Ki rubuta tsawon gaɓar da ke dab da ƙumba a gefen tsawon ta gindi, ki gwada dabba da dabba. Idan kuma wata rana kin ci karo da ƙananan ƙasusuwa a jere cikin dutse a bakin wani mayo, wato kogi, kada ki ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Ki ɗauki hoto da biro a gefe don a gane girma, ki riƙe wurin, ki sanar da malaminki ya kai maganar ga masana duwatsu na jami'a, domin da zarar gaɓoɓin yatsa sun watse, ba a ƙara sanin wacce ce ke dab da ƙumba.